Tafiyata Yamai da Kwamfuta Cikin Bargo

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a wurin mai shayi na bakin tashar Talata Mafara a tambaye ni, har matar maƙwabcina ta aiko a ji ko gaskiya ne na kai kwamfuta asibiti a ƙasar waje. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi tun daga farko, wanda ya karanta ya gaya wa na kusa da shi.

Sunana Sanusi. Iyalina suna Talata Mafara, amma a wata sakandare a Maradun nake koyar da kwamfuta. Da nauyin baki nake faɗin haka, don na daɗe ina zana ta a allo da alli. Yawancin ɗalibanmu na ajin ƙarshe 'ya'yan mutanen Gidan Goga ne da Damaga da ƙauyukan kewaye, waɗanda rashin tsaro ya koro cikin gari. Jarrabawar shiga jami'a kuwa yanzu da kwamfuta ake yin ta. Ɗalibi ya san amsa sarai, amma a zaunar da shi gaban abin da bai taɓa sa wa hannu ba, lokaci ya ƙare yana laluben inda zai danna.

Abin haushin shi ne muna da kwamfutocin. Wani ofishi ne ya sayi sababbi ya ba mu tsofaffin, suna jere a ɗaki an rufe su da buhu. In ka kunna ɗaya sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da su, wadda duk sauran manhajoji ke hawa kanta, ta yi musu nauyi, kuma kullum kiran intanet take yi, abin da a Maradun yau akwai gobe babu.

A wani zauren malaman kwamfuta na waya na ji labarin wata mata a Yamai, Madam Ramatu. Ta yi aiki a asibitocin ƙauye, ta sha fama da tsofaffin na'urori irin namu, har ta rubuta wani jerin umarni da ke gina babbar manhaja tun daga tushe, ƙarama mara nauyi, daidai da abin da mutum yake buƙata. Na tura mata saƙo. Ta amsa da Hausa mai ɗan karkata, ta ce tana tara mutane kaɗan ta koya musu, in zan zo in zo, amma in taho da ɗaya daga cikin kwamfutocin.

Na kai wa shugaban makarantarmu, Malam Garba, maganar.

"Malam Sanusi, abin da ka rasa a Gusau da Sakkwato, shi za ka samo a ƙasar da ko Turancinmu ba su ji?"

"Ranka ya daɗe, ba sayowa zan yi ba, koyowa zan yi."

"To. Ka ɗauki wadda ta fi lalacewa. In ta ɓace a hanya ba mu yi babbar asara ba."

Ban taɓa ƙetare iyaka ba, don haka mahaifiyata ta ce ba inda za ni sai da ƙanenta, Kawu Bala na Bakura. Manomin shinkafa ne, da rani kuma yana kai albasa Yamai, ya san hanyar kamar tsakar gidansa. Na same shi a gona wajen fadamar Bakura, ƙafa cikin laka. Da na gama bayani ya ce, "Ni ban gane mi za ka yi can ba, ɗana, amma tunda Yaya ta ce, mu tahi."

Matata ce ta naɗe akwatin kwamfutar da bargon sanyi, ta ɗaure da igiya. Allon kallo da madannai na buga rubutu na bar su, Madam Ramatu ta ce tana da su, laftof ɗina kuwa na sa a jaka. Daga Mafara zuwa Sakkwato ba wani labari, sai dai kwandasta ya so a ɗora akwatin a kan mota tare da buhunan tattasai, na ƙi, na ɗauke shi a cinya. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yi ta leƙen bargon, can ta kasa daurewa ta ce, "Allah shi ba shi lahiya." Ta zaci jariri ne.

Daga Sakkwato muka shiga motar Illela. A bakin iyaka aka duba takardunmu ba matsala, amma da muka isa ɓangaren Ƙonni wani jami'in kwastan, su can dwan suke cewa, ya nuna bargon ya ce a kwance. Ya kewaya akwatin, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce in kunna ya gani. Na ce ba allon kallo. Ya ce to ta yaya zai san abin da ke ciki? Na fara dogon bayani a kan manhaja, Kawu Bala ya taɓa ni.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa jami'in, "wagga ko ka aje ta tsakiyar kasuwa ba wanda za shi ɗauka. Buɗe ka gani."

Aka samo sukurdireba aka buɗe. Abin da muka fara gani gidan zanzaro ne, ya gina shi tsaf a jikin fanka, har ɗaki biyu. Jami'in ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Ya taimaka mini na mayar da murfin, ya ce in na gyara wannan, in dawo ta nan yana da tasa a gida.

A tashar Ƙonni na gamu da abin da har yau ake tsokanata da shi. Mai yankan tikiti ya tambayi sana'ata, na ce malamin makaranta ne. Sai ya ɗaga murya ya ce wa yaran mota, "Ku ba mushe wuri gaba!" Na waiwaya ina neman inda aka ajiye mushen, na ga kowa ni yake kallo. Raina ya ɓaci, har na buɗe baki. Kawu Bala ya ja ni gefe yana danne dariya, ya ce su haka suke kiran malamin boko, kalmar girmamawa ce daga Faransanci. Na zauna a kujerar gaba a matsayin mushe har Yamai.

Motarsu doguwa ce, kowa da lambar kujerarsa, kowane kaya an manna masa takarda, kuma lokacin da aka ce za a tashi shi aka tashi, ko da sauran kujeru ba kowa. Na tuna tasharmu inda za a ce maka saura mutum ɗaya, ka zauna har rana ta karkata. Amma su ma suna da nasu. A kowane shinge sai kowa ya sauko, a jera, jandarma ya karɓi katin kowa, sa'an nan ya kira suna ɗaya-ɗaya. Kowane shinge kuwa sai an tambayi bargo. A Dogon Dutse muka yi salla, muka ci kilishi mai yaji da burodinsu dogo kamar sanda, ɓawonsa da tauri har ya kankare mini dasashi. Hausar mutanen wurin kusan tamu ce, munka da sunka, wanga da wagga, sai dai tsakiyar magana ka ji an jefo kalmar da ba ka sani ba. Bayan Dosso kuwa Hausa ta fara ja da baya, Zabarmanci ya karɓe.

A Yamai mun sauka gidan Alhaji Zakari, fatoman 'yan albasa, inda Kawu Bala ya saba sauka. Ɗaki ne dogo a jikin rumbun ajiya, tabarmi a jere, komai na ciki warin albasa yake yi, har matashin kai. Mutanen kirki ne. Aka kawo mana kwafto, wato zogale dafaffe da aka kwaɗa da ƙuli da yaji, kusan kwaɗonmu amma ya fi ruwa-ruwa, da shinkafa da miya. Kawu Bala ya ɗauki ƙwayar shinkafar ya murza, ya ce ta jirgin ruwa ce, ta tsufa a hanya, ba ta kama ƙafar ta Bakura ba. Ya faɗa a hankali, amma ya ci kwano biyu.

Da safe ya raka ni gidan Madam Ramatu. Mace ce mai kimanin shekarun yayata, gajera, da tabarau a rataye a wuya, ba ta da yawan dariya. Bazabarma ce, Hausarta a wajen uwar mijinta ta koya. A ɗakin da take koyarwa akwai tebura da fankoki da wayoyi ko'ina, da masu koyo kaɗan. Wanda muka fi sabawa da shi Idi ne, ma'aikacin asibiti daga Damagaram, shi ke fassara mini in Madam ta zarce da Faransanci.

Tun kafin a fara na ci karo da abu biyu. Filogin laftof ɗina mai ƙafa uku ne masu faɗi, soket ɗinsu kuwa rami biyu ne zagayayyu. Sai da Idi ya aro mini mahaɗi. Sa'an nan aka ba ni madannai in rubuta sunana, na duba allo na ga abin da ba sunana ba. Na goge na sake, haka. Ashe madannan Faransawa haruffansu ba inda namu suke ba, inda na saba samun A sai in sami Q. Madam ta leƙo ta ce, "Ka ga darasi na farko. In ka tafi da manhajata yadda take, haka ɗalibanka za su yi. Shi ya sa ba zan ba ka tawa ba. Taka za ka gina."

Ta buɗe mana jerin umarnin a babban allo. Su sikirif suke ce masa. Na zaci zan ga wani abin tsoro, sai na ga rubutu ne kawai, layi bayan layi, kowane layi umarni ɗaya: ɗauko kaza, duba shi, buɗe shi, gina shi, ajiye shi a wuri kaza. Duk abin da mutum zai zauna ya buga da hannu, ta rubuta shi sau ɗaya, kwamfuta ta riƙa bi. A gefe akwai wani fayil ɗin daban, na zaɓi, inda mai gini ke faɗin abin da yake so da abin da ba ya so.

Abin da na fahimta, kuma na gani da idona, shi ne wannan. Kowace manhaja asalinta rubutu ce da mutane suka rubuta, wanda mutum zai iya karantawa amma na'ura ba ta ganewa. Akwai masu sakin nasu rubutun kyauta, kowa ya ɗauka. Matakin farko, sikirif ɗin zai sauko da waɗannan rubuce-rubucen daga inda masu su suka ajiye. Na biyu, zai auna kowanne da wata doguwar lamba da masu shi suka bayar, don a tabbata ko harafi ɗaya bai canza a hanya ba. Na uku shi ya fi ba ni mamaki. Kafin ya gina komai sai ya fara gina kayan aikin ginin, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa abin da na'ura ke ganewa. Ya gina ta da taimakon wadda ke cikin laftof ɗinka, sa'an nan ya sa sabuwar ta sake gina kanta.

Na ce, "Madam, wannan ba ɓata lokaci ba ne? Ga wadda ke aiki."

Ta ce, "Maƙerin garinku da gudumar aro yake aiki? In mai ita ya karɓe fa? Ka fara ƙera taka da ta aro, sai ka mayar masa, duk abin da ka ƙera daga nan naka ne. Ba ya jingina da laftof ɗinka."

Bayan kayan aiki sun samu, sikirif ɗin zai keɓe wani wuri a cikin faifai ya shiga ya rufe kansa, kamar sabuwar kwamfuta ce babu komai a cikinta. A nan yake gina zuciyar manhajar, wadda ke magana kai tsaye da ƙarafan na'ura, allo da madannai da faifai, sa'an nan sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kan na ƙasa da shi. A ƙarshe ya dunƙule duka wuri guda, a zuba a filashi, a kai wa kowace kwamfuta.

Muka zauna ni da ita a kan fayil ɗin zaɓi. Ta buɗe tsohuwar kwamfutata, ta sa aka share gidan zanzaro, ta karanta sunan kowane ƙarfe na ciki. Abin da babu a ciki ta ce in kashe shi. Ta tambaye ni, ɗalibanka na buƙatar kallon fim? A'a. Kashe. Na'urar buga takarda? Ba mu da ita. Kashe. Muka bar madannai irin namu, da manhajar koyon bugu, da ta gwajin jarrabawa mai agogo a kusurwa. Na roƙi a sa haruffanmu masu ƙugiya, ta nuna mini inda zan ƙara su, na ƙara da hannuna.

Aka tayar da gini a laftof ɗina, don ita ta fi ƙarfi. Rubutu ya fara gudu a allo kamar ruwan famfo, fanka na kuka. Ba a yi nisa ba ya tsaya cik da jan layi. Na kira Madam. Ta zo ta tsaya bayana, hannu a baya.

"Me ya ce?"

"Ya tsaya."

"Na ga ya tsaya. Me ya ce?"

Na karanta. Ɗaya daga cikin fayilolin da aka sauko da su bai dace da lambarsa ba, intanet ta yanke yana tsakiyar saukowa. Ta ce, "To ka ga. Ba ya tsayawa bai faɗi dalili ba. Mutane ne ba sa karantawa." Ta juya ta tafi, ba ta taɓa madannan ba. Na sake sauko da shi da kaina. Ranar na ji haushinta, ba zan ɓoye ba.

Ginin na cin lokaci, ba abin da za ka yi sai jira. Da azahar garin yakan yi tsit, a rufe shaguna, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai la'asar a dawo. Mu a nan in ka rufe shago da rana sai a zo yi maka jaje. Idi ya koya mini zaman shayinsu, ƙaramar buta a kan gawayi, a sha na farko mai ɗaci, a jira na biyu, a jira na uku mai zaƙi, kuma tashi kafin na ukun rashin ladabi ne. A wurin shayin ya tambaye ni labarin gida. Na gaya masa yadda ba na bin hanyar Mafara zuwa Maradun sai rana ta ɗaga, sai an ji motar farko ta wuce lafiya. Ya zuba mini nasa kofin.

Gini ya kai wajen zuciyar manhaja aka ɗauke wuta, su kuran suke ce mata. Batirin laftof ɗina ya daɗe da mutuwa, allo ya yi baƙi nan take. Na dafe kai. Wunin jiya da na yau duka sun tafi, kuma Kawu Bala ya riga ya sayar da albasarsa yana maganar komawa. Da wuta ta dawo Madam ta ce in sake ba da umarnin nan na farko, shi ɗin dai. Na bayar ba da son raina ba. Sai na ga yana tsallakewa: wannan an gama, wannan an gama, wannan an gama, har ya iso daidai inda ya tsaya ya ci gaba. Ashe duk matakin da ya kammala sai ya ajiye 'yar alama. Ta ce, "A ƙauye na rubuta shi, ba a Turai ba. Na san kuran."

Ranar da aka gama, Kawu Bala ya zo ɗaukata, ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu. Muka zuba manhajar a tsohuwar kwamfuta, Idi ya jona mata allo da madannai na ɗakin. Na danna makunni. Kafin in gyara zama ta tashi, fes, tana jira. Na rubuta ƙasa, ɗaki, ɓera, kowace ƙugiya ta fito a wurinta. Kawu ya matso ya leƙa.

"Ita ce wadda munka ɗauko cikin bargo?"

"Ita ce, Kawu."

"Ikon Allah. Ashe ba tsufa ba ne, kaya anka yi mata da yawa."

Madam ta kwafe mini komai a wani faifai na hannu, sikirif ɗin da duk asalin rubuce-rubucen, don in iya sake gini ba tare da intanet ba. Na yi ta godiya, ta katse ni. Ta ce abu ɗaya take so: in na canza wani abu ya yi aiki, in turo mata.

Dawowa ba mu sha wuya ba, sai taya da ta fashe kusa da Dosso, muka zauna gindin bishiya muna cin gyaɗa. Jami'in Ƙonni ba ya bakin aiki ranar. Na kwana Mafara, washegari da hantsi na shiga Maradun.

Malam Garba ya sa an share ɗakin, an jera kwamfutocin, an jona su da batirin hasken rana na ofis. Ya tara 'yan ajin ƙarshe a bakin taga. Na zuba manhajar a ta farko, ta tashi da sauri, ɗalibai suka yi sowa. Na kira wata ɗaliba, Asma'u, 'yar Gidan Goga, na ce ta rubuta sunanta. Ta danna, ba abin da ya fito. Na danna da kaina, shiru. Na koma ta biyu, ta tashi, madannai shiru. Ta uku haka. Sowa ta mutu. Malam Garba ya sallami ɗaliban, ya rufe ƙofa.

"Malam Sanusi, gaya mini gaskiya. Akwai gyara ko babu?"

"Ban sani ba tukuna, ranka ya daɗe."

Na ɗauko waya in kira Madam, babu sabis, kuma aka ce tun shekaranjiya babu. Malam Garba ya fita, na zauna ni kaɗai da kwamfutocin. Da farko na zaci ɓeraye ne suka ci wayoyin, amma ba zai yiwu su ci duka ba. Na juya bayan akwatin ina duba inda wayar madannai ke shiga, sai na lura bakinta zagayayye ne mai 'yan ƙusoshi, irin na da. Na Yamai da aka gwada da shi kuwa mai faɗi ne, irin bakin filashi. Na je ofis na aro madannan sakatare mai faffaɗan baki, na jona, ya yi aiki nan take.

Daga nan na san inda zan duba. Na buɗe bayanan da manhajar ke rubutawa lokacin da take tashi, na bi su layi-layi, ko sau ɗaya ba ta ambaci tsohon bakin ba. Ba ta san da shi ba. Na buɗe fayil ɗin zaɓi na zuciyar manhaja ina nema, har na same shi: a kashe yake. Ba ni na kashe shi ba, haka yake tun asali, don na'urorin asibitocin da Madam ta yi wa aiki duk masu sabon baki ne. Na kunna shi. Na goge alamar matakin zuciya kaɗai, don kada ya koma farko, na ba da umarni.

Malam Garba ya ce a kashe fankar ofis da firij ɗin malamai, a bar wa laftof batirin. Muka zauna cikin zafi, shi da carbi, ni da allo. Ya kalli rubutun da ke gudu ya ce, "Kana gane abin da yake cewa?" Na ce kaɗan-kaɗan. Ya ce, "Kaɗan ɗin ya isa, in dai gaskiya yake faɗa maka."

Bayan la'asar aka gama. Na sake zubawa, na aika aka kira Asma'u daga gidan kawunta inda suke zaune. Ta zauna a ɗarare, ta danna da yatsa ɗaya, A ta fito. Ta ɗago ta dube ni, ta koma ta nemi S, ta daɗe kafin ta same ta.

Tun daga ranar ɗakin bai huta ba. Mun raba su rukuni-rukuni, safe da yamma, gwargwadon abin da batiri zai ɗauka. Masu tambayata ko sun ci jarrabawa, wasu sun ci wasu ba su ci ba, akwai kuma waɗanda iyayensu suka sake ƙaura kafin ranar. Amma a cikin waɗanda suka zauna, ba wanda ya dawo ya ce na'ura ce ta kayar da shi.

Da na koma Mafara ƙarshen mako na sami sabis, na tura wa Madam abin da na canza da dalili. Amsarta gajera ce: ta gani, ta sa a cikin sikirif ɗin. Na ɗauka magana ta ƙare.

Kwanan baya ina zaune ƙofar gida bayan sallar Juma'a sai ga kira da lambar Nijar. Muryar dattijo ce. Muka gaisa, gida, iyali, aiki, ruwa, zafi, ya koma kan iyali, sa'an nan ya ce shi malami ne a wani ƙauye kusa da Tawa. An ba makarantarsu tsofaffin kwamfutoci, ya je Yamai ya koyo ginin, ya dawo duka sun yi aiki, har madannansu masu zagayayyen baki. Yana karanta sikirif ɗin ne ya ga an rubuta a saman wani layi cewa wannan gyara daga Maradun ya zo, sai ya nemi lambata wajen Madam don ya yi godiya.

Na ce ba komai, layi ɗaya ne.

Ya ce, "Malam, Maradun ɗin nan, ita ce ta Zamfara?"

Na ce ita ce.

Sa'an nan ya ce, "Kullum muna jin sunanta a rediyo. Ban taɓa jin ta da irin wanga labari ba."

Na ce in Allah ya kawo zaman lafiya ya zo ya gan ta da idonsa, ya ce in sha Allahu, ya sa in gaishe masa da ɗalibai. Ranar Litinin da safe, kafin a kunna ko ɗaya, na tsaya gaban aji na isar da gaisuwar.